Fim ɗin Diplomatie: na yi tafi da dare, na yi tsaki da safe

Fim ɗin yaƙi na ce wa yaron da nake tura fina-finai a shagonsa ina so. Ya ce, "Yaya, akwai wani na zamanin Hitler, wuta zalla." Na biya kuɗin da aka saba, ya tura min a waya. Na dawo gida, na ci tuwo, na kishingiɗa ina jiran ƙarar bindiga. Sai ga tsofaffi biyu a ɗakin otal suna magana da Faransanci. Minti ashirin, ba tankar yaƙi, ba jirgi. Na ce lallai gobe ni da yaron nan.

Amma ban kashe ba. Fim ɗin na 2014 ne, Volker Schlöndorff ya ba da umarni, kuma daga wasan dandamali na Cyril Gély aka ɗauko shi, shi ya sa kusan komai a ɗaki ɗaya yake. Daren 24 zuwa 25 ga Agusta 1944 ne a otal ɗin Meurice da ke Paris. Sojojin ƙawance na bakin gari, Hitler kuma ya ba kwamandan sojojin Jamus da ke riƙe da Paris, Janar Dietrich von Choltitz, umarnin kada birnin ya faɗa hannun abokan gaba sai yana kufai. An dasa nakiyoyi a gadojin kogin Seine, da cocin Notre-Dame, da gidan tarihi na Louvre, har hasumiyar Eiffel. Sai ga ƙaramin jakadan Suwidin, Raoul Nordling, ya ɓullo ta wata ɓoyayyar matattakala, ba makami a hannunsa sai baki.

Wurin da ya kama ni shi ne lokacin da janar ɗin ya daina fakewa da cewa soja ba ya musu da umarni, ya faɗi abin da ke cin sa: akwai dokar da ke hukunta iyalan hafsan da ya bijire, matarsa da 'ya'yansa kuma suna Jamus. Ya juya ya tambayi jakadan abin da zai yi da shi ne a matsayinsa. Wallahi sai da na tashi zaune. Jarumi Niels Arestrup ya fito da janar ɗin yadda ya kamata, ƙato mai ciwon asma, numfashi na sarƙe masa yana lalubar magani. André Dussollier kuwa, wanda ya fito a Nordling, murmushinsa irin na dillalin da ya san za ka saya ko ka ƙi. Da aka gama, ni kaɗai a ɗaki na yi tafi.

Da safe na shiga karanta tarihin, a nan raina ya ɓaci. Wannan zaman na dare guda bai faru ba. Gaskiya ne Nordling ya gana da Choltitz a kwanakin, ya sa an saki fursunonin siyasa, ya kuma shiga tsakani aka tsagaita wuta da 'yan gwagwarmayar Faransa. Amma kwana ana muhawara har asuba ƙirƙira ce. Masana tarihi da dama ma na ganin janar ɗin ba shi da isassun sojoji da kayan rusa birnin, ga jama'ar gari sun riga sun yi bore tun 19 ga wata, ga rundunar Faransa ta Janar Leclerc na shigowa. To ina waɗanda suka mutu a tituna? Fim ɗin ya bar su can a bayan taga. Kuma wannan Choltitz ɗin da aka sa ni tausaya wa, da shi aka ci birnin Rotterdam na Holan a 1940, da shi aka ragargaza birnin Sevastopol na Tarayyar Sobiyet a 1942. A watan nan na Agusta kuwa Warsaw, babban birnin Poland, na ci da wuta, ba jakadan da ya cece ta.

Ga kuma rubutun fassarar da yaron ya haɗo min, yana makara da kusan daƙiƙa uku, sai janar ya gama faɗa sannan in san me ya ce. A fim ɗin da duk magana ce, wannan zalunci ne.

Duk da haka jiya na sake kallonsa. Na koma shagon da niyyar faɗa, na ƙare da tambayarsa ko yana da tsohon nan na 1966, Paris brûle-t-il?, wanda Orson Welles ya fito a Nordling. Ya ce in dawo jibi.