Wat 5000 a jikin kwali, batirin babur a ciki

Lokacin bikin ƙanwata na ce bari in sayi sifikar karaoke ta gida, wadda za a saka kiɗa a riƙe makirfo a rera. Mai shago ya jawo min wata mai taya da fitilu kala-kala, an rubuta 5000W ɓaro-ɓaro a kwalinta. Ya ce, "Alhaji, wannan in ka kunna, sai unguwa ta san ana biki." Ranar kamu, ƙawayen amarya na ɗaga murya sauti ya fara tsagewa kamar ana yaga buhu, kafin isha'i warin ƙonewa ya tashi.

Da mai gyara ya kwance bayanta, batiri ɗaya muka tarar, 12V 7Ah, irin na babur. Ku yi lissafi da ni: 12 sau 7 ya ba da 84, wato wutar da ke cikinsa ta wat 84 ce na awa ɗaya. Da a ce da gaske tana fitar da wat 5000, da cikin minti ɗaya batirin ya mutu. Ita kuwa awa uku take yi tana ihu.

Wancan babban adadi shi ake kira PMPO, kuma babu ƙa'idar da ta ɗaure shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Wanda za ka nema shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a jere ba tare da sauti ya lalace ba. Tun 1974 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tilasta wa masu sayar da amfilifaya su bayyana irin wannan ƙarfi, saboda wannan ha'incin tsoho ne. In babu RMS a kwali, juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja. Abin da ke shan wat 60 daga soket ba zai amayo 1000 ba.

Kada ma RMS ɗin ya ruɗe ka. Ninka wat sau biyu desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 3 kacal yake ƙarawa, sai ka ninka kusan sau goma kunne zai ce sauti ya ninku. Amfanin rarar wat a karaoke shi ne muryar mutum, da ke tashi ba sallama. In amfilifaya ta kai maƙura sai ta yanke saman sautin, kuma wannan yankewar ce ke ƙona ƙaramar sifikar sama. Abin da ya ci tawa ke nan.

Yanzu JBL PartyBox 310 nake da ita, kuma ba na ɓoye son da nake mata. Wat 240 RMS ce, manyan sifiku biyu masu inci 6.5, wurin makirfo biyu, kowa da maɓallin ƙararsa, ga maɓallin amsa-kuwwa da ke rufa wa mai muryar gwangwani asiri. Kamfanin ya ce batirinta na kai awa 18; in ka ƙure ta ba za ta kai ba, amma an sha ɗauke wuta muna tsaka da waƙa ba mu ko lura ba. Ta haura kilo 17, sai dai tana da taya da mariƙi kamar akwatin matafiyi. Ƙanwarta 110, mai wat 160, ta ishi falo. Sony XP500 ba laifi, ɗauka ce kawai sai a hannu. Dogayen sifikun nan na ƙarƙashin talabijin kuwa, na kallon fim ne, a bar su can.

Sai batun jabu, wanda ya fi komai ba ni haushi. Akwai masu tambarin JBL da ba su taɓa ganin masana'antar ba. Ɗaga ta tukuna, jabu ba ta da nauyi. Duba haruffan tambarin, wasu manne su aka yi da gam. Sauke manhajar JBL PartyBox a wayarka ka gwada haɗawa a nan cikin shago, jabu ba ta amsawa. Lambar jikin na'ura ta zo daidai da ta kwali. In farashi ya faɗo rabin na sauran shaguna, araha ba ta ado. Kada ka yarda a gwada maka da kiɗa kawai, ka sa a jona makirfo, ka ƙara murya, ka yi magana da ƙarfi ka ji ko za ta tsage. Sannan a buɗe kwalin da za ka tafi da shi a gabanka, don wani abokina ta kan tebur aka gwada masa, wata daban aka ɗaure masa a bayan Keke.