Jaya na Devdutt Pattanaik: Mahabharata cikin littafi guda, da abin da mai saye a Yamai zai duba

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya sha romon Mahabharata da Ramayana, ko da bai taɓa jin sunansu ba. Ƴan'uwan da gado ya raba, uwar da ta yar da ɗanta na fari sannan ta tarar da shi ya girma a gidan abokan gaba, ƙanen da ya bi yayansa daji don biyayya, duk daga wannan rijiyar masu shirya fim ke ɗebowa. Wanda ya so komawa tushe kuwa, girman abin ne zai fara tare shi. Mahabharata waƙa ce da harshen Sanskirit, ana ƙirga ta baiti 100,000 a kashi 18. Ramayana tana da baiti 24,000 a kashi 7. Cikakkiyar fassarar Mahabharata da Bibek Debroy ya yi zuwa Ingilishi, wadda ta fito tsakanin 2010 da 2014, juzu'i 10 ce. Ɗalibin sashen Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni, ko malamin lise mai neman faɗaɗa karatunsa, da wuya ya sami kuɗin wannan, balle lokacinsa. Shi ya sa ake komawa ga littattafan da suka sake ba da labarin a taƙaice, kuma Jaya, wanda kamfanin Penguin ya buga a Indiya a 2010, yana cikin waɗanda suka fi yawo a hannun mutane.

Marubucin likita ne ta fuskar karatu, daga baya ya koma rubutu kan tatsuniyoyi da al'adun Hindu. Littafin yana da babi 108 a cikin kashi 18, da zane fiye da 250 da shi da kansa ya yi, baƙi a kan fari. Babin ba ya da tsawo, shafi biyu ne zuwa huɗu galibi, kuma a ƙarshen kowanne akwai akwati mai launin toka ɗauke da ƙarin bayani. Wanda ya ɗaure wa kansa babi uku a rana zai sauke cikin kwana 36. Ingilishin mai sauƙi ne, jimloli gajeru, ba ƙaƙale. Wanda ya yi karatunsa da Faransanci ya koyi Ingilishi daga baya zai bi shi da ƙamus a gefe ba tare da ya galabaita ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai zubar da kwaryar labarin ba. Masu taƙaitawa da yawa suna farawa kai tsaye da haihuwar jarumai. Shi kuwa ya buɗe da sarki Janamejaya, tattaɓa-kunnen Arjuna, ɗaya daga jaruman labarin. Maciji ne ya kashe mahaifin Janamejaya, sai ya hura wuta don ya ƙone macizan duniya duka ya rama. A wurin wannan hadayar ake zaunar da shi a ba shi tarihin kakanninsa, don ya ga inda ramuwar gayya ta kai su. Labari cikin labari ke nan, irin wanda mai karatun Hausa ya saba da shi a bakin aku cikin Magana Jari Ce. In aka cire wannan kwarya, Mahabharata sai ta koma labarin yaƙi kawai. Sunan littafin ma daga nan ya fito: Pattanaik ya bambanta “vijaya”, wato cin galaba a kan wani, da “jaya”, cin galaba a kan zuciyarka.

Asalin rigimar ba baƙuwa ba ce gare mu, rigimar gadon sarauta ce tsakanin ƴaƴan wa da ƙane. Dhritarashtra shi ne babba, amma makaho ne, sai aka naɗa ƙanensa Pandu. Pandu ya rasu ya bar ƴaƴa biyar, su ne Pandawa. Makahon yana da ƴaƴa maza ɗari, su ne Kaurawa, babbansu Duryodhana. Kowane ɓangare yana da hujja a kan kujerar Hastinapura. Littafin ya shimfiɗa wannan daki-daki, kuma ya yi adalci wajen nuna cewa masu gaskiyar ma hannunsu ba fari ba ne.

A duba babin caca a ga ƙarfin aikin. Yudhishthira, babban Pandawa, mutumin da aka sani da rashin ƙarya, ya zauna caca da Shakuni, kawun Duryodhana. Ya saka dukiya aka cinye, ya saka ƙasa aka cinye, ya saka ƙannensa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya saka kansa, daga ƙarshe ya saka matarsu Draupadi. Aka jawo ta da gashi zuwa tsakiyar fada. Ba kuka kawai ta yi ba, tambaya ta jefa wa dattawa: wanda ya riga ya faɗi a caca ya zama bawa, yana da ikon saka wani? Bhishma, kakan gidan, mai ilmi da furfura, ya kasa ba ta amsa. Duk yaƙin kwana 18 da aka gwabza daga baya a filin Kurukshetra daga shirun wannan fada ya tsiro. Pattanaik ya kawo wurin ba ado, ya bar tambayar tana ci wa mai karatu rai, yadda ya kamata.

To, sai aibobin, kuma suna da nauyi.

Na farko, kashi 18 na Jaya ba su ne kashi 18 na asali ba. Shi ya jera nasa bisa tafiyar lokaci, daga kakanni zuwa haihuwa, aure, caca, gudun hijira, yaƙi. A asali, yaƙin kaɗai ya cinye kashi biyar, daga na 6 zuwa na 10. Kashi na 12 da na 13 kuwa, inda Bhishma yake kwance a kan gadon kibiyoyi yana koya wa Yudhishthira mulki, shari'a da zaman duniya, suna da girma ainun, na 12 ma shi ya fi kowanne tsawo. A Jaya an matse su ƙwarai. Ɗalibin da ya rubuta a takardarsa cewa “kashi na goma na Mahabharata ya ce” yana nufin na Pattanaik, ya yi kuskure, kuma malamin da ya san fannin zai kama shi nan take. Haka Bhagavad Gita, hirar Krishna, ɗaya daga allolin Hindu, da Arjuna kafin a fara yaƙi, baiti 700 ce a babi 18 cikin kashi na 6. Abin da ke nan taƙaitawa ce da fahimtar marubuci, ba za a ɗauke ta a matsayin nassin ba.

Na biyu ya fi wahalar ganewa. Marubucin ya haɗa matanin Sanskirit da ruwayoyin gargajiya na yankunan Indiya, irin su waƙoƙin Pandavani na Chhattisgarh da wasannin Terukkuttu na ƙasar Tamil da Yakshagana na Karnataka. Wannan arziki ne, ba shakka. Amma a ɗauki Iravan, ɗan Arjuna. A matanin Sanskirit ya mutu ne a fagen fama a rana ta takwas. A ruwayar Tamil, inda ake kiransa Aravan, ba da kansa ya yi aka yanka shi hadaya don Pandawa su yi nasara. Jaya ya kawo labarin Aravan. Wanda ke tsallake akwatunan toka don ya yi sauri ba zai san wanne ne na tsohon matani, wanne ne na dandalin ƙauye ba. Ko a cikin akwatunan ma, ana ambaton yanki ko al'ada ne, ba lambar kashi da baiti ba. Saboda haka ba littafin kafa hujja ba ne. Mai rubuta kundin kammala digiri ya koma ga Debroy, wanda ya bi tataccen matanin da cibiyar Bhandarkar ta birnin Pune ta tsara daga 1919 zuwa 1966, bayan gwada rubuce-rubucen hannu fiye da dubu. Akwai kuma tsohuwar fassarar Kisari Mohan Ganguli ta 1883 zuwa 1896 kyauta a intanet, sai dai Ingilishinta na zamanin da ne, mai tauri.

Na uku, marubucin yana da son fitar da darasi, kuma wani lokaci yakan yanke hukunci a inda waƙar ta bar abu a buɗe. Kalmar “dharma” ita ce misali. Tana ɗaukar ma'anar wajibi, doka, gaskiya, haƙƙin da ke wuyan mutum gwargwadon matsayinsa, kuma jaruman kansu suna ta gardama a kanta har ƙarshe. Shi ya karkatar da ita zuwa tausayi da danne son kai. Fahimta ce mai kyau, amma tasa ce.

Sunaye su ne ke sa yawancin mutane su ajiye littafin kafin babi na ashirin, kuma maganin abin yana da sauƙi. A sami farar takarda guda a zana salsala tun daga sarki Shantanu: matarsa Ganga ta haifi Bhishma, matarsa Satyavati ta haifi Vichitravirya, daga gidansa aka sami Dhritarashtra da Pandu, ga kuma ɗan'uwansu Vidura. Ƙarƙashin Pandu a raba ɗaki biyu, Kunti da ƴaƴanta uku, Yudhishthira, Bhima da Arjuna, sai Madri da tagwayenta Nakula da Sahadeva. A gefe a rubuta Karna, a ja layi zuwa Kunti, domin shi ne ɗan da ta haifa kafin aure ta saka a kogi. A bar takardar a cikin littafin. Sannan a sani mutum ɗaya yana da laƙabi barkatai, kamar yadda ake yi wa sarakunanmu kirari: Arjuna shi ne Partha, Draupadi ita ce Panchali, Krishna shi ne Vasudeva da Govinda. Wasu marubutan kuma suna yanke wasalin ƙarshe irin na harshen Hindi, su rubuta Arjun, Bhim, Ram. Duk mutum ɗaya ne.

Idan aka ajiye shi kusa da takwarorinsa fa? Na C. Rajagopalachari kan Mahabharata, wanda ya fito da Ingilishi a 1951, ya fi shi kamun kai da kunya, ya fi dacewa da ƴan makaranta, amma ya sassauta wuraren da ke da ɗaci. R. K. Narayan ya fi su duka daɗin alƙalami. Ramayana tasa ta 1972 gajera ce, ana iya gama ta cikin mako, sai dai a sani ya bi waƙar Kamban ta harshen Tamil ne, ba tsohuwar ta Valmiki ta Sanskirit ba, kuma ya bar kashin ƙarshe inda jarumin labarin, Rama, ya sake rabuwa da matarsa Sita. Wanda ke son labarin kishiya da ta sa aka kori yarima daji shekara 14, can zai fara. Su kuwa irin The Palace of Illusions na Chitra Banerjee Divakaruni na 2008, wanda Draupadi ke ba da labari da bakinta, da Asura na Anand Neelakantan na 2012, mai kallon Ramayana ta idon Ravana, abokin gaban Rama, ƙagaggun labarai ne da aka gina a kan tsohon harsashi. Suna da daɗi, amma bayan an san asalin. Wanda ya fara da su zai ɗauki ƙirƙirar marubuci a matsayin abin da Indiyawa suka gada. Mai jin Faransanci fiye da Ingilishi yana da wata ƙofar: Jean-Claude Carrière ya rubuta Mahabharata don wasan da Peter Brook ya nuna a Avignon a 1985, inda Sotigui Kouyaté, ɗan gidan maroƙan Mande daga nan maƙwabtanmu, ya fito a matsayin Bhishma.

Iyaye da malamai su lura da abu ɗaya. Waɗannan labarai ne masu tsarki a wurin mabiya addinin Hindu, cike da allolinsu, da aƙidar sake haihuwa, da mace mai miji biyar, da haihuwar da ba ta kan hanyar aure ba. Pattanaik bai ɓoye ko ɗaya ba. Babba mai neman sanin yadda wata al'umma ke tunani zai amfana sosai. Yaro kuwa, a fara karantawa kafin a miƙa masa.

Batun saye. Kantunan littattafai a Yamai na Faransanci da Larabci suka fi cika su, don haka yawanci saƙo ake bayarwa ga mai zuwa Kano, Legas ko Akara, ko a dace da shi a tsibin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Kafin a biya, a buɗe tsakiya a duba akwatunan toka. A bugun jabu da na fotokofi tokar takan koma baƙa ƙirin ta haɗiye rubutun, kuma rabin amfanin littafin a nan yake. A duba zanen, siraran layukan su fito sarai ba yankewa. A bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, domin jabu kan tsallake damin shafuka ko ya maimaita su. A tabbata babi na 108 yana nan, don ƙarshen ne ya fi saurin zubewa a tsohon kwafi. Bugun mai laushin bango da gam aka manne shi, ba ɗinki. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, gam ɗin yakan bushe ya tsage in an bar littafin cikin mota ko akwatin babur, shafuka su fara fita ɗaya-ɗaya. Kada a naɗe bangon baya yayin karatu, kuma kada a ajiye shi jingine da bangon laka saboda gara. In ya fara saki, masu ɗaure kundin ɗalibai a kusa da jami'a za su iya huda shi su ɗinke tun bai watse ba. Karanta shi a waya yana yiwuwa, amma ƙaramin allo yana raba zane da labarinsa, ya cakuɗa akwatin da jikin babi, sai a rasa inda ruwaya ta ƙare sharhi ya fara. In dole sai na lantarki, a nemi allo mai faɗi, a kuma guji hotunan shafuka da ake turawa ta WhatsApp, don galibi ba su cika ba.