Wasiƙa daga Ingila kan yaranmu masu lalura

Yaya, ina gaishe ki, ke da maigida da yara. Kin ce in ba ki labarin yadda ake kula da yara irin nawa a nan, don ki faɗa wa maƙwabciyarki da ɗanta ya shekara 4 bai fara magana ba. Yaron ya yi barci, ga ni na zauna.

A nan ba sai uwa ta kai kuka ba. Akwai ma'aikaciyar lafiya da ke bibiyar kowane yaro, kuma tsakanin shekara 2 da 2 da rabi ake duba girmansa da maganarsa. Ita ce ta tambaye ni ko yana waiwayowa idan an kira sunansa, ko yana nuna abu da yatsa. Na ce mata miskili ne kawai. Ba ta yi mini musu ba, ta tura mu wajen masu koyar da magana, daga nan aka sa mu a layin tantancewa. A ƙa'ida cikin wata 3 ya kamata a fara, amma mu sai da muka haura shekara kafin aka ce otizim ne, abin da wasu a gida ke kira galahanga. Kada kowa ya ce miki a Turai komai nan take ne.

Akwai dokar 2014 da ta tanadi wata takarda, EHCP, wadda ke fayyace abin da yaro ke buƙata a makaranta da asibiti, kuma ta wajabta wa hukuma ta samar. Tana iya bin sa har ya kai shekara 25. Mako 20 doka ta ba su su kammala ta. Da na nema karon farko aka ce a'a, na koma gida na haƙura, don ban san ana ɗaukaka ƙara ba.

Iyaye ne suka buɗe mini ido. Wata uwa da muka haɗu a ƙofar makaranta ta ja ni zaman da suke yi duk mako a wani ɗaki na laburare: Turawa, 'yan Pakistan, 'yan Somaliya, kowa da ɗanta. Muna shiga yarona ya kwanta a ƙasa yana ihu. Na fara ba da haƙuri kamar yadda na saba, sai na ga babu wadda ta ko ɗago kai, wata ma matsar da kujera ta yi don kada ya buge. Wallahi Yaya, hawaye suka zubo mini. Shekara 3 ina ɗauke da kunyar da ba ni na jawo ba.

Su suka zauna da ni muka sake cike takardu. Wata ta karanta abin da na rubuta ta ce, "Kin rubuta ranarsa mai kyau. Rubuta ranar da bai yi barci ba, ranar da ya ciji hannunsa." Ya yi mini nauyi, domin mu bakinmu ya saba da "da sauƙi, alhamdu lillahi". Amma mai karanta takarda abin da ya gani zai yi aiki da shi. Muka ɗaukaka ƙara, aka ba mu. Daga baya na ji cewa babbar ƙungiyar masu otizim ta ƙasar nan, National Autistic Society, ita ma iyaye ne suka kafa ta a 1962, lokacin da ake cewa irin yaran nan ba za su iya karatu ba.

Batun kuɗi kuwa, a daina yaɗa cewa ana biyanmu. Akwai tallafin kuɗi da ake kira DLA na yara masu lalura 'yan ƙasa da shekara 16, da na mai jinya da ke kula da su aƙalla awa 35 a mako, amma bizar aiki irin tamu ta hana mu karɓar kuɗin gwamnati. Makaranta da asibiti dai muna samu.

Kayan taimaka wa irin yaran nan suna da yawa. Akwai abin toshe kunne saboda hayaniya, akwai igiyar wuya mai hoton furen sunfulawa da aka fara a filin jirgin Gatwick a 2016, wadda ke nuna mutum na da lalurar da ba a gani. Wasu manyan kantuna na ware awa guda su rage fitilu su kashe kiɗa. Duk cikinsu wanda ya fi yi mana amfani shi ne mafi araha: katunan hoto. Kofi, banɗaki, takalmi, gado. Yaro ya miƙo kati, a ba shi abin. Da wayarki da kwali za ki haɗa su.

Abin da babu a nan shi ne dangi. Idan ya farka ƙarfe 2 na dare, ni ce ko babansa, kuma da safe akwai aiki. Hutun 'yan awanni da ake bai wa iyaye ma sai an cike takarda an jira. A gida hannu ya yi yawa, sai dai baki ma ya yi yawa: wannan ta ce aljanu, waccan ta ce sammu, wata ta ɗora wa uwa laifi, har a ɓoye yaro a ɗaki. Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ba ta shiga ɗakin da ake ɓoye yaron ba tukuna.

Ki ce wa maƙwabciyar taki ta fara da gwajin ji, don wani yaron kunne ne matsalarsa, sannan ta nemi likitan yara a asibitin koyarwa. Ta daina barinsa a gida idan za ta fita. Ta kuma nemo uwa ko biyu masu irin ɗanta, ko a layin asibitin ne, su karɓi lambar juna. Ki ba ta tawa, ta kira ni ranar Lahadi da yamma, lokacin ba na aiki, in nuna mata katunanmu ta bidiyo.

Ki gaishe mini da Inna. Ƙanwarki.