Fallout 4: Gem Mai Daɗi, Amma Shekara 210 Ba Haka Take Barin Gari Ba

Fallout 4 ba sabon gem ba ne. Kamfanin Bethesda ya fito da shi a Nuwamba 2015, aka sake yi masa kwaskwarima don PlayStation 5 da sababbin Xbox a Afrilu 2024, kuma har yau wanda ya saye shi kuɗinsa bai tafi a banza ba. Ba ya bukatar intanet kafin a buga shi, wannan kaɗai ma alheri ne ga mai lissafin data. Abin da ya hana ni sakat daban ne. Aikina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kullum da ɗan ma'aunin tururi, wato radiyeshan, maƙale a rigata, don haka idona a kan ɓarnar da suka zana ya tsaya: shin haka yaƙin nukiliya zai bar gari?

A labarin, ranar 23 ga Oktoba 2077 Amurka da China suka yi wa juna ruwan makaman ƙare-dangi, cikin awa biyu aka gama. Kai ka tsere maɓoyar ƙarƙashin ƙasa mai suna Vault 111 a wajen birnin Boston, aka daskarar da kai, ba ka fito ba sai 2287. Shekara 210 ke nan cif. A nan rigimata da su take.

Ranar fashewar sun yi ta da kyau. Haske ke fara zuwa, sannan bugun iska ya biyo baya, kuma haka abin yake. Ƙwarangwal ɗin dogayen benayen da suka bari a tsaye ma ba ƙarya ba ne. Bam ɗin Hiroshima na 6 ga Agusta 1945, mai ƙarfin tan dubu 15 na nakiya, ya tashi ne kimanin mita 600 a sama, kuma wani gini da ke kusan daidai ƙarƙashinsa yana nan tsaye har gobe, mutane na zuwa kallonsa. Gidajen katako ne suka tafi, yawanci gobara ta cinye su. Kashi ɗin tururin da ke kashe ka a gem ɗin ma, rad 1,000 (rad ma'aunin tururin da jiki ya sha ne), daidai ne: mutum na gaske ya sha wannan, sai dai a yi masa addu'a.

To amma ka fito bayan ƙarni biyu, ka tarar da itatuwa a bushe, ƙasa ja wur, ruwan kogi na ƙara maka tururi, kamar jiya aka yi abin. Burbushin bam ba ya zama haka. Masana kare farar hula suna da wani lissafi mai sauƙi: duk lokacin da aka ninka sa'o'in da suka wuce sau bakwai, ƙarfin tururin ya ragu sau goma. Bayan awa 7 saura kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu ɗaya cikin ɗari, bayan mako biyu ɗaya cikin dubu. Aidin-131, wanda ke kama maƙogwaro, rabinsa ke mutuwa duk kwana 8. Masu taurin kan su ne siziyom-137 da sitrontiyom-90, su kuma rabinsu ke tafiya duk shekara 30 ko ƙasa kaɗan. Raba 210 da 30, ka sami bakwai. Raba abu biyu sau bakwai, saura kashi ɗaya cikin 128. Ba a ce babu komai ba, amma bai kai ya hana ciyawa fitowa ba. A Hiroshima, kwana uku da fashewar jirgin ƙasa na cikin gari ya koma aiki a wani sashe, yau kuma birnin na da mutum fiye da miliyan ɗaya.

Masu kare gem ɗin suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Duniyar Fallout komai da nukiliya yake aiki, har motoci, shi ya sa in ka harbi tsohuwar mota take tashi kamar ƙaramin bam. Injin nukiliya da ya fashe ya fi bam barin ƙazanta mai daɗewa, kuma bam ɗin da ya tashi a ƙasa yana kwasar turɓaya ya gurɓata ta, saɓanin wanda ya tashi a sama. Da wannan za a iya ba wa Glowing Sea uzuri, wato yankin nan na kudu maso yammacin Boston da ba a shiga sai da sulke ko magani. Sai dai muna da misali a zahiri. Tashar lantarkin nukiliya ta Chernobyl a Yukiren ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986, aka kwashe mutane daga kewayen kilomita 30. Je ka duba hotunan Pripyat, garin da ke kusa da tashar, yanzu: itatuwa sun fasa kwalta, sun tsiro a kan rufin benaye, kyarketai da dawakan daji na yawo. Wurin da ya fi ko'ina gurɓata a Turai kurmi ya zama, ba hamada ba. Boston kuwa garin ruwan sama ne da dusar ƙanƙara. Da gaske ake yi, da gatari za ka fara nema kafin bindiga.

Guguwar tururin da ke tasowa lokaci-lokaci, sama ta koma kore, tana da tushe, don iska na ɗaukar burbushi nesa. Gwajin bam na Castle Bravo da Amurka ta yi a tsibirin Bikini na tekun Pasifik a Maris 1954 ya zubar da toka a kan mutanen tsibirin Rongelap, fiye da kilomita 100 daga wurin. Mu ma abin ya taɓa zuwa kusa: Faransa ta fara gwajinta a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairu 1960, har Najeriya ta kori jakadanta a Janairu 1961 saboda haka. A 2021 an gano siziyom a ƙurar Sahara da ta sauka a Faransa, amma ɗan kaɗan ne, bai kai ya cutar ba. Shekara sittin ke nan kacal. Koren launin kuwa ado ne kawai. Tururi ba shi da launi, ba shi da wari, abin da ya sa muke rataya ma'auni ke nan.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda lokaci ya ƙi taɓa kayan mutane. Gidajen katako da yawa suna tsaye. Takarda na kan tebur ana karantawa. Ka buɗe kwali ka ci abincin 2077, ka kora da Nuka-Cola. Gidan ƙasa da aka bari damina uku ba yaɓe mun san yadda yake komawa, balle katako ya sha ruwa shekara 210. Sannan mutanen da ke zaune a gari, wasu har da shago, ƙwarangwal na kwance a ɗakin kusa ba wanda ya ɗauke. Jikokin jikoki sun zo sun wuce, ba a sami mai tsintsiya ba? Da sun ce shekara 20 bayan yaƙin, da kusan duk ƙorafina ya faɗi.

Dodannin ban damu da su ba. Saniya mai kai biyu da mutanen da tururi ya mayar masu rai ɗaruruwan shekaru, tatsuniya ce, kuma gem ɗin bai ɓoye ba. A zahiri abin da ya biyo bayan Hiroshima shi ne ƙaruwar sankara, musamman ta jini, kuma binciken da aka daɗe ana yi kan 'ya'yan waɗanda suka tsira bai nuna ƙaruwar nakasar haihuwa a fili ba. RadAway ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ledar ƙarin ruwa guda ta wanke maka tururi tas. Akwai magungunan da ke kare maƙogwaro ko taimaka wa jiki fitar da siziyom, amma ƙwayoyin jikin da suka riga suka lalace ba leda ke dawo da su ba.

Inda suka yi sassauci kuma, can ne ya fi ban tsoro. Hayaƙin biranen da ke ci da wuta zai tare rana, damina ta lalace shekaru. Wani bincike da mujallar Nature Food ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Rasha zai iya kashe mutum fiye da biliyan biyar da yunwa, yawancinsu a ƙasashen da ko bam ɗaya bai faɗa ba. Gem ɗin ya tsallake wannan gaba ɗaya, tunda kana cikin ƙanƙara aka yi shi.

In za ka saya, ka gwada tsarin Survival bayan hannunka ya faɗa. A can ƙishirwa, yunwa, rashin barci da ciwo ke bin ka, ba ka iya adana wasan sai ka sami gado, kuma kwalbar ruwa mai tsabta ta fi maka harsashi daraja. Akwai zubar da jini sosai a ciki, na manya ne, kada a miƙa wa yara.