Wata shida da tsohuwar fitilar Thorn mai dogon ƙwai

A wajen 'yan gwangwan na tsinto ta, cikin tarin ƙarafan wani tsohon ofis da aka rushe. Fitila ce mai dogon ƙwai, ƙafa huɗu, wat 40, irin wadda kamfanin Thorn na Ingila ya raɗa wa suna Popular Pack. Yaron da ke tsaron wurin har ya ɗauko guduma zai fasa chok ɗin, wato ƙullin wayar da ke iyakance wutar da ke shiga ƙwan, ya zare jan wayar ciki, don su a kilo suke sayarwa. Na ce ya dakata, na biya shi fiye da abin da sikeli zai ba shi. Ita ce ta tara a tsofaffin fitilun da nake tarawa, kuma ita kaɗai na rataye a ɗakin karatuna nake kunnawa kullum. Yau wata shida ke nan.

Abin da ya fara burge ni shi ne nauyinta. Ƙarfen jikinta mai kauri ne, ba ya lotsewa idan ka danna da babban yatsa. Da na goge ƙurar da tsumma da ɗan kananzir, sai ga farin fentin ya fito, tsatsa a gefe ɗaya kawai, inda ruwa ya taɓa kwanciya. Chok ɗin kuwa, ka ɗauka a tafin hannu sai ka ji kamar ƙaramin bulo. Waya ce ta jan ƙarfe aka naɗe a kan baƙin ƙarfe, babu wani abu a ciki da ke motsi, shi ya sa yake kai shekaru masu yawa bai mutu ba. Wutarmu da ta Ingila kusan ɗaya ce, bolt 230, don haka ban canza komai a wayarin ɗinta ba. Wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta idan ta taɓa jikin fitilar, ita kawai na sabunta, saboda jikin ƙarfe ne, ba a wasa da wannan.

Kafin na haɗa ta da wuta na kai wa wani dattijo mai gyaran lantarki a unguwarmu, wanda tun ina yaro nake ganinsa da tasta a aljihun gaba. Ya auna chok ya ce lafiya lau yake. Da ya ga kafasita sai ya ce, "Ɗana, wannan cire ta." Na ce, "Baba, ai ba ta yoyo." Ya ce ko ba ta yoyo. Gaskiyarsa ce: kafasitocin wancan zamani da yawa ana cika su da wani mai da ake kira PCB, mai illa ga lafiya, wanda Amurka ta hana yinsa a 1979. Fitilar tana kamawa ko babu kafasitar, aikinta dama daidaita yadda ake jan wuta ne. Na sa sabuwa a gurbinta, tsohuwar na rufe ta a gwangwani na ajiye nesa da yara.

Sai batun sitata, wanda a nan ne na fi shan wahala, kuma a nan ne na fi jin daɗi. Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai tsawon yatsa ba. A cikinsa akwai ƙaramar kwalba mai iskar gas da wani siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya ji zafi. Kana danna makunni sai ya lanƙwashe ya haɗa layi, bakin ƙwan biyu su yi ja, ya huce ya saki, chok ya harba wuta mai ƙarfi ta ratsa ƙwan. Wannan ne ƙyaf-ƙyaf ɗin da ake gani kafin haske ya tsaya. Duk wanda ya yi karatun dare a makarantar kwana ya san shi, har da ɗalibin da ake ɗorawa kan tebur ya murɗa sitata. Guda uku marasa suna da na saya a kasuwa ba su yi wata ba suka manne, bakin ƙwan ya yi ta ja ba haske. Da na samu Philips S10, wanda aka yi wa ƙwai daga wat 4 zuwa 65, ƙyaftawa biyu take yi ta kama. Har yau shi ne a jiki.

Haskenta yana bazuwa ko'ina, ba ya soke ido, kuma takarda tana karantuwa da daɗi a ƙarƙashinsa. Akwai ɗan gurnani daga chok idan dare ya yi tsit. Ni ina son sa. Maiɗakina ba ta so, kuma ban ga laifinta ba.

Amma kada kowa ya saya da niyyar rage kuɗin wuta. Ƙwan wat 40 ne, chok kuma yana cinye kusan wat 10 ya mayar da shi zafi, alhali ƙwan LED mai wannan tsawo bai kai rabin haka ba. Babbar matsalar ita ce ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi. Sai ta yi ta ƙyaftawa ba ta kama ba, kuma wannan ƙyaftawar ita ke baƙanta bakin ƙwai ta kashe shi da wuri. Na rasa ƙwai ɗaya ta haka kafin na koyi kashe ta da zarar na ga fanka ta rage gudu. A kan sola ma ba na ɗora ta.

Ƙwan asali, mai kauri da ake kira T12, mai faɗin milimita 38, ya yi wuyar samu. Sa'ar da aka yi, siririn T8 mai wat 36 yana shiga gurbinsa daidai kuma yana kamawa da wannan chok ɗin. Shi ma kwanansa ya kusa ƙarewa, tunda Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbinsa kasuwa tun 2023 saboda zaibar da ke ciki. Zaibar nan ce ta sa ba na yarda a fasa mataccen ƙwai a tsakar gida, ko yara su mayar da shi takobin wasa.

Ga mai son tsofaffin kayan lantarki, wannan fitila ta cancanci wahalarta. Kowane ɓangare nata ana iya kwance shi da sukudireba ɗaya a canza, ba sai an jefar da ita gaba ɗaya ba. Yanzu ina da T12 guda biyu a naɗe cikin tsohon bargo a saman kabad, kuma na bar wa yaron gwangwan saƙo cewa duk chok ɗin da ya shigo hannunsa, ya kira ni kafin ya ɗauki guduma.