Corolla 2005, shekara uku ina hawanta

Jama'a masu tambayata wace mota talaka zai saya yanzu, ni dai amsata Toyota Corolla ce, ƙirar 2003 zuwa 2008. Tawa 2005 ce, 'yar Kwatano na saya, injinta 1.8, kuma wallahi tun da Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ƙara gane darajarta, don abokaina masu manyan motoci V6 da yawa sun ajiye su a gida sun koma hawa adaidaita, ni kuwa tankina lita 50 ne, in na cika shi ina zuwa Kaduna daga Kano in dawo ban tsaya gidan mai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kayan gyaranta. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, duk abin da ka nema akwai, sabo ko na hannu, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Injin ma sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, babu maganar canza bel kowane lokaci.

Matsala ɗaya da na samu, wani mai shago ya sayar min da shokabzoba jabu, wata biyu suka mutu, raina ya ɓaci sosai. Sannan motar ƙasa take kuma, in damina ta zo a lungun unguwarmu sai na lallaɓa.

In za ka saya ka je da bakanikenka ya duba giya da ƙarƙashinta, kuma ka tabbatar takardun kwastam na gaske ne kafin ka biya ko sisi.