Sharhi: samfurin jirgin yaƙi Constitution na haɗawa da hannu

Samfurin wannan jirgin ruwan yaƙi na Amurka na roba ne, sikelin 1:96 (wato an ƙanƙanta jirgin sau 96), in ya tashi tsawonsa ya kusa santimita 90. Ya cancanci kuɗinsa, sai dai siffar jirgin ta yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya aka ƙera. Mai son ya nuna shi yadda ya tsaya gaban Tarabulus, a Libiya ta yau, lokacin yaƙinta da Amurka a 1804 yana da gyara a gabansa.

Asalin rigimar kuɗin kariya ne. Yusuf Karamanli, Pashan Tarabulus, ya nemi Amurka ta ƙara abin da take biya don jiragen kasuwancinta su wuce Bahar Rum lafiya. Da Shugaba Jefferson ya ƙi, sai aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka a Mayun 1801, shelar yaƙi ke nan. Constitution ne jirgin kwamanda Edward Preble lokacin da aka yi wa birnin ruwan igwa a Agustan 1804. A lokacin gunkin Hercules, gwarzon tatsuniyar Girkawa, ne a goshinsa, wanda ya lalace a Satumbar shekarar da ya yi karo da wani jirgin yaƙin Amurka mai suna President. Babu gunkin a kwalin, sai ka sassaƙa da kanka.

Gangar jirgin ta yi kyau matuƙa, har layukan faifan jan ƙarfe na ƙasa sun fito ɗaya bayan ɗaya. Matsalar tana daɓen sama: gida uku ya zo, mahaɗar kuma tana bayyana. Ka manna siririn roba ta ƙasa ya riƙe su, ka cike tsagar, ka goge da sanfefa mai laushi kafin fenti. Igwogin ciki kuwa a ba su gam sosai, domin da zarar an rufe daɓen, wadda ta faɗi ciki ta tafi.

Sandunan filafilai na sama suna lanƙwashewa in an ja zare da ƙarfi. A zura waya cikin manyan, a ɗaura zaren hagu da dama bi da bi. A ja zaren a kakin zuma don ya kwantar da gashinsa. Filafilan roba ba su yi mini ba ko kaɗan, kauri gare su. Ƙyalle mai shara-shara ya fi.

Ba aikin ɗan koyo ba ne, ɗaurin zare kaɗai ya fi haɗa gangar cin lokaci.